Waiwaye: Tarihin raga, ƙashin bayan kiɗan Indiya

Duk wanda ya tashi da kallon finafinan Indiya a Kano ko Damagaram ya sha jin raga, ko da bai san sunanta ba. Raga ƙa'ida ce da ke nuna wa mawaƙi sautukan da zai taɓa cikin bakwai ɗin nan nasu, sa re ga ma pa dha ni, da yadda zai hau, da yadda zai sauko, da inda zai dakata ya ja murya.

Masana na mayar da asalinta zuwa rera baitocin Samaveda, littafin ibadar Hindu. Wani masani mai suna Matanga ne ya fara fayyace kalmar a littafinsa Brihaddeshi. A ƙarni na 13 Sharngadeva ya rubuta Sangita Ratnakara a Devagiri, ya lissafa raga 264. Daga baya kiɗan ya rabu gida biyu: Hindustani a arewa, inda ya cuɗanya da na Farisa a fadodin sarakunan Musulmi, da Karnatik a kudu. Mawaƙi Tansen, wanda ya shiga fadar Sarki Akbar a 1562, shi ake jingina wa ragar Darbari Kanada da ta Miyan ki Malhar.

Sai aka shiga kasa su kashi-kashi. A ƙarni na 17 Venkatamakhin ya fitar da lissafin iyayen raga 72 na kudu. Bhatkhande, wanda ya rasu a 1936, ya zaga ƙasa yana sauraron tsofaffin malaman waƙa, ya tara na arewa cikin gidaje goma. Aikinsa ya ceci abubuwa da yawa daga ɓacewa, amma ni a ganina takarda ba ta iya ɗaukar raga duka.

Ga Bhupali da Deshkar. Sautukansu biyar ne, iri ɗaya sak: sa re ga pa dha. Bhupali tana zama a kan ga, a natse, ana rera ta da almuru. Deshkar kuwa dha take nufa, tana wuce re da sauri, lokacinta da safe. A rubuce tagwaye ne, a kunne kuwa kowacce da halinta. Wannan bambanci a bakin malami almajiri ke ɗaukarsa, shekara da shekaru yana maimaitawa a gabansa.

Har kayan kiɗa sai da aka yi jayayya a kansu. Gidan rediyon All India Radio ya hana kaɗa harmoniyam, akwatin kiɗa mai madannai da ake zuga wa iska, a 1940, domin ba ya iya zamewa tsakanin sauti da sauti kamar muryar mutum. Sai a 1971 aka sassauta.