Hanyoyin burji a gaɓar Legas: gyaransu da kare ruwa da namun dawa

Hanyar burji ita ce wadda ba a zuba wa kwalta ba, wadda jif, babur mai ƙafa huɗu, 'yan okada da tifofin yashi ke bi. A jihar Legas sun fi yawa a Ibeju-Lekki, Epe da Badagry, inda suke ratsa rairayin bakin teku, fadamu da kurmin mangurob, wato itatuwan nan masu saiwoyi a tsaye da ke tsiro cikin ruwan gishiri.

Abin da ke lalata su

A Arewa gudun ruwa ne ke cin hanya. A Legas kwanciyarsa ce. Ƙasar shimfiɗaɗɗiya ce, ruwan ƙarƙashi yana kusa, damina kuma takan kama daga Afrilu zuwa Oktoba, ta fi ƙarfi a Yuni da Yuli, ta ɗan lafa a Agusta. Da taya ta yi rami sai ruwa ya taru a ciki. Direban da ya zo ya kauce ta gefe, na bayansa ya ƙara kaucewa, kafin a ankara hanya mai faɗin mita 3 ta ninka sau da yawa, ciyawar da ke riƙe ƙasa ta mutu. Lakar da ke fita daga nan tana gangarawa cikin tafkin Legas da na Lekki, ta gurɓata ruwa, ta binne wuraren da kifi ke ƙwai. Shi ya sa cike rami da ɓaraguzan gini, wanda shi aka fi yi, ɓata kuɗi ne: ruwan na nan, sai dai ya koma gaba kaɗan.

Yadda ake gyara

Ana zaɓen layi ɗaya, wanda ya fi tudu, a toshe sauran da gungume ko duwatsu. Inda ƙasa ke da taushi a fara shimfiɗa ƙyallen roba mai tace ruwa, domin in babu shi burji nutsewa yake cikin laka. Sannan a zuba jan burji kashi-kashi, kowane kashi kada ya wuce santimita 15, a yayyafa ruwa, rola ta danne kafin a ƙara wani. A ɗaga hanyar aƙalla santimita 30 sama da inda ruwa ke kaiwa da damina. Tsakiyarta ta fi gefe tudu da santimita 4 zuwa 5 a kowace mita. Kuskuren da mai gireda, wato motar baje ƙasa, ya fi yi shi ne ya share wannan doron, ya bar tudun ƙasa a gefe, hanyar ta koma kwata.

Kwalbati kada bakinsa ya gaza santimita 60, don ƙarami yashi da leda ke toshe shi, kuma a rufe shi da ƙasa mai kaurin santimita 30 ko fiye. A kurmin mangurob nan ne aikin ya fi buƙatar kula. Itacen yana rayuwa ne da shigowar ruwan teku da janyewarsa sau biyu a yini, don haka hanyar da ta datse ruwan tana kashe kurmin da ke bayanta ko da ba a sare ko reshe ɗaya ba. Kwalbatoci da yawa a jere, ko gadar katako, sun fi guda ɗaya babba.

Lambatun gefe kada ya zuba kai tsaye a rafi. Ana karkatar da shi cikin ciyawa, a bar tazarar kamar mita 30 inda fili ya samu. Jema, wadda Bahaushe ya sani a saƙar zana, ita ce maganin gefen hanya: ana dasa ta a layi, tazarar santimita 10 zuwa 15, saiwarta na nutsawa ƙasa sosai, ganyenta na tare laka.

Namun dawa

Kunkurun teku na fitowa rairayin Legas da dare ya binne ƙwai, su ƙyanƙyashe bayan kimanin wata biyu. Nauyin mota na danne ramin ƙwan, 'ya'yan kuma kan faɗa sawun taya su kasa fita, fitila ta ruɗe su su juya wa teku baya. Don haka ya kamata a yi tuƙi a kan jiƙaƙƙen yashi kusa da ruwa, da rana kawai. A tafkuna akwai ayu da kada, shi ya sa ba a juyen baƙin mai ko wankin mota a bakin ruwa.

Wasu wuraren hanyar mota ba ta dace da su ba sam. A Cibiyar Kare Muhalli ta Lekki, mai hekta 78, wadda aka kafa a 1990, a ƙafa ake ratsa fadamar bisa gadar katako. Babban aikin hanya kuwa yana ƙarƙashin dokar tantance illa ga muhalli ta 1992, hukumar kare muhalli ta jihar Legas, wato LASEPA, kuma ita ke sa ido kan gurɓata ruwa a jihar.