Nonon damina ya yi yawa, na rani ya yi wuya: lissafin da ya kamata mai kiwo ya sani

Duk wanda ya saba sayen kindirmo ya san farashinsa ba ya zama wuri ɗaya. Daga Yuli zuwa Satumba ƙwarya cike take, har mai talla ta karyar da shi da la'asar don kada ta koma ruga da ragowa. Da an shiga Maris da Afrilu kuwa, sai ludayi ya ƙanƙance, nono ya tsinke, kuɗi ya hau, masu saye su hau mita wai mai nono ta cika tsada. Laifin ba nata ba ne. Saniyar da ta yini a busasshen fili, ta yi doguwar tafiya kafin ta sha ruwa, ba ta da abin saukewa a hantsa, ɗan abin da ya samu kuma maraƙi na jiransa. Ga shi a daidai wannan lokaci ne aka fi neman nono, domin zafi na sa jama'a neman fura da yogot mai sanyi, kuma a 'yan shekarun nan azumi ma a cikin rani yake faɗowa.

To wa ke cike wannan giɓi? Madarar gari ce ta ƙasashen waje. Ƙiyasin da hukumomi suka sha ambata shi ne Najeriya na kashe kimanin dala biliyan 1.5 a shekara wajen shigo da madara da dangoginta, alhali ga shanu nan miliyoyi a ƙasar. Kilo ɗaya na garin madara kan ba da kusan lita 8 idan aka dama shi, ba ya lalacewa a shago, ba ruwansa da damina ko rani. Shi ya sa yawancin masu haɗa yogot a Kano da Kaduna da Zariya da buhun gari suke aiki, kuma masu fura da dama a cikin birni su ma da shi suke kwana idan rani ya tsananta.

Yana da kyau mai kiwo ya san abokin takararsa. Wani kaso mai yawa na garin nan an cire masa man shanunsa na asali, an sayar da man da tsada a can, an maye gurbinsa da man itatuwa irin na kwakwar manja, don haka yake zuwa da sauƙin kuɗi. A 2015 Tarayyar Turai ta soke ƙa'idar da ta iyakance yawan madarar da manomanta za su samar, madara ta yi musu yawa, Afirka ta Yamma ta zama ɗaya daga cikin manyan kasuwanninsu. Harajin da ƙasashen ECOWAS suka sa wa manyan buhunan garin madara kuma kashi 5 cikin ɗari ne kacal. A 2020 Babban Bankin Najeriya ya taƙaita ba da dala ta shigo da madara ga kamfanoni shida kawai, da nufin su zuba jari a kiwon gida, sannan ya ɗage takunkumin a 2024. A ganina faɗuwar darajar naira tun daga 2023 ta fi wancan takunkumi tasiri, domin ita ta sa buhun gari ya yi tsadar da masu sarrafawa suka fara waiwayar nonon gida da gaske. Sai dai mai kamfani ba ya son wanda zai cika masa tanki a Agusta, ya ɓace masa a Maris. Injinsa da ma'aikatansa na cin kuɗi duk shekara.

Nan ne maganar ta dawo kanmu. Shanunmu, Bunaji da Rahaji da Bokoloji, abin da ake tatsa a jikinsu a kiwon gargajiya bai cika wuce lita 1 zuwa 2 a rana ba, yayin da saniyar Friesian a Turai ke wuce lita 20. Da mutum ya ji haka sai ya ce ai mafita ita ce a sayo ta waje. A yi hattara. Wannan saniya abinci take mayarwa madara, kuma ba ta jure zafi da kaska da sammore kamar tamu. Wanda ya kawo ta gidan da babu ajiyar abinci, babu inuwa, babu wadataccen ruwa, ya sayi mota ne ba shi da kuɗin mai. Ruwa-biyu, wato haɗin Friesian da Bunaji irin wanda cibiyar binciken dabbobi ta NAPRI da ke Shika ta daɗe tana aiki a kai, ya fi dacewa da mai ƙaramin ƙarfi, shi ma bayan an shirya masa abinci.

Akwai asarar da ba a cika lissafawa ba, ita ce tazarar haihuwa. Saniya ba ta nono sai ta haihu. Cikinta wata 9 ne, kuma ƙosasshiya na iya haihuwa kusan duk shekara, amma wadda rani ya ramar ba ta karɓar bijimi da wuri, sai ta kai shekara biyu tsakanin haihuwa da haihuwa. Mu yi misali kawai. Saniya mai lita 1 a rana har kwana 200, tana haihuwa duk bayan shekara biyu, ta ba ka lita 100 ke nan a shekara. Ita dai wannan saniya, idan abinci ya kai ta lita 2 har kwana 250, tana haihuwa duk wata 15, lita 400 ce a shekara. Ninki huɗu, ba a sauya iri ba, ga kuma ƙarin maruƙa. Ashe ɗan garke mai ƙoshi na iya fin babban garke mai yunwa kawo kuɗin nono, ko da yake na san babu makiyayin da ke son jin a rage shanu, domin su ne bankinsa, su ne kuma mutuncinsa. Ba ragewa nake cewa a yi ba. A ware masu shayarwa da masu tsohon ciki, ko biyar ne, su zauna a gida kusa da ruwa, a ba su abin da aka tanada, sauran garke ya tafi mashekari.

Shi kuwa tanadin, da kaka ake yinsa, lokacin da harawa ke araha. Harawar wake da ta gyaɗa a ɗaure su da ganyensu, a ɗora a kan rumfa ko a sa a ɗaki, kada rana da raɓa su cinye amfaninsu. Karan dawa da na masara a daddatsa su kafin a zuba, domin idan aka watsa su a tsaye rabi tattakewa ake yi. Ciyawar gamba a yanke ta tun tana kore kafin ta yi kai, wadda ta bushe a tsaye cika ciki kawai take yi. Mai fili kusa da fadama ya gwada ciyawar Nafiya ko waken lablab. Akwai kuma dabarar yanke masara ko dawa tana ɗanya, a yayyanka, a danne a rami sosai, a rufe da leda yadda iska ba za ta shiga ba. Bayan kamar wata guda ta nuna, kuma tana iya jira har bazara muddin ba a buɗe ba. Dusa da angurya da tunkuza su ma a saye su da wuri. Wanda ya bari sai Afrilu zai sayi harawa, ribar nonon tana hannun mai harawa.

Idan nono ya samu, saura kai shi kasuwa, kuma ɗanyen nono a zafinmu sa'o'i kaɗan yake yi ya juya. Wannan ne amfanin cibiyoyin tattara madara masu tankin sanyaya, irin waɗanda kamfanin L&Z ke aiki da su a Kano, da FrieslandCampina WAMCO a jihar Oyo, da na Hamdallaye da Kollo masu kai wa masana'antun Yamai a Nijar. Irin wannan tsari ne, na ƙungiyoyin masu saniya ɗaya ko biyu, ya kai Indiya ga zama ta farko a duniya wajen samar da madara bayan shirin da ta fara a 1970. A cibiya ana gwaji: wanda aka ƙara wa ruwa ana ganewa, wanda ya fara tsami ana mayarwa. A wanke hannu da hantsa, a tace, a kai da sassafe a mazubin ƙarfe mai murfi, ba jarkar da ba ta wankuwa ba. Saniyar da aka yi wa allurar kashe ƙwayoyin cuta kada a haɗa nononta sai kwanakin da aka rubuta a kwalbar sun cika, domin yana hana yogot kamawa, yana kuma cutar da mai sha. Na gida ma a tafasa shi kafin a sa masa iri, saboda bakkale, wato ciwon da ke sa shanu ɓari, da tarin fuka duk suna bi ta ɗanyen nono.

Abin da ke rusa irin waɗannan ƙungiyoyi sau da yawa ba ya cikin tanki, a cikin gida yake. A al'adar ruga nono na mata ne. Da shi uwargida ke sayen gishiri da sabulu da kayan ɗakin 'ya'yanta. Idan cibiya ta rubuta sunan maigida, kuɗi na shiga asusunsa, to ranar da uwargida ta ga ba ta gani a ƙasa za ta koma tallarta, kuma da gaskiyarta. Ban da haka, ita ta san lissafinta: daga ƙwarya ɗaya tana fitar da man shanu, ta sayar da tsala, ta haɗa da fura, wani lokaci jimillar ta fi abin da kamfani ke biya a lita, musamman da rani. Abin da cibiya ta fi talla da shi shi ne tana saye ko da damina, kuma tana hutar da mace yinin kasuwa. Saboda haka kafin ku shiga, ku tambaya a gaban kowa: nawa ne lita da damina, nawa ne da rani, bayan kwana nawa ake biya, wa ke ɗaukar asara idan tanki ya lalace ko motar ɗauka ba ta zo ba, kuma sunan wa za a rubuta a littafi.