Tsara waƙa a wurin Hausawan arewacin Kamaru

Tsara waƙa shi ne haɗa kalmomi da kari da kiɗa har su zama abin rerawa. A Garwa da Marwa da Ngaundare, inda Fulatanci ya fi rinjaye, mawaƙan Hausa sun gaji hanya biyu: waƙar baka ta makaɗa da rubutacciyar waƙa ta malamai.

Tarihi

Hausawa sun yawaita a yankin bayan da Modibbo Adama, wanda ya kafa masarautar Adamawa, ya karɓi tutar jihadi daga Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wajen 1809, wasu kuma na cewa 1806. Fatake da malamai da makaɗa suka yi ta kwararowa, fadojin lamiɗo suka riƙe algaita da kakaki da ganga, kirarin Hausa ya samu gindin zama a ƙofar fada. Malamai kuwa da ajami suke rubuta waƙoƙin wa'azi da madahu.

Waƙar baka

Makaɗi ba ya rubutawa. Yakan fara da gindin waƙa, wato ɗango ɗaya ko biyu masu ɗauke da sunan wanda ake wa waƙar ko babban saƙonta. Sai ya yi ta rera wa 'yan amshi da masu kalangu har gindin ya zauna a bakinsu. Idan bai hau kiɗa ba, tun nan ake sauya shi, domin a kansa kowane ɗan waƙa, wato baitin da ake rerawa tsakanin gindi da gindi, zai sauka. Bayan haka ake ƙaga ɗiya: asalin ubangida, kirarinsa, kyautar da ya yi, da zambo ga abokin hamayyarsa. Ɗiya suna ƙaruwa ko raguwa gwargwadon waɗanda suka halarci taro, shi ya sa waƙa guda ba ta fita iri ɗaya sau biyu.

Rubutacciyar waƙa

Ana buɗewa da sunan Allah da salati. Marubuci yana zaɓar tsarin baiti, ƙwar biyu ko ƙwar huɗu ko ƙwar biyar, wato yawan ɗangon da ke cikin kowane baiti, sannan ya tsayar da amsa-amon da kowane baiti zai ƙare da shi. Da yawa ba sa auna kari da aruli, wato ma'aunin waƙa na Larabawa, muryar wata sananniyar waƙa suke ara, su riƙa rera sabon ɗango a kanta.

Inda aka fi tuntuɓe shi ne nauyin gaɓa. Sassauƙar gaɓa idan ta faɗo gurbin mai nauyi, kari ya karye, mai rerawa kuma dole ya ja wasali. Jan yana iya ɓata ma'ana: garin da ake zaune ya koma garin tuwo. Gyara shi ne a musanya kalmar ko a sake jeranta ɗangon.

A yau

Matasa kan fara da kiɗan fiyano a situdiyo, sannan su ɗora baitoci, galibi a salon waƙoƙin finafinan Kano. Malamai sun saɓa a kan halaccin kayan kiɗa.