Daga bakin teku zuwa Jado: tarihin injin neman zinariya

Kafin shekarar 2014, da wuya ka sami mutum a kasuwar Dole ta Damagaram da ya taɓa riƙe injin nan mai doguwar sanda da faifai a gindi, wanda ke kuka idan ya ji ƙarfe a ƙarƙashin ƙasa. Bayan wannan shekara kuwa, har yaran da ke zaman fada a Zango da Birni sun san sunan GPX, wani samfurin injin, sun san kuɗinsa, sun san wanda ya sayar da babur ko filin gado don ya shiga tarayyar sayensa.

Asalinsa ba don zinariya aka yi shi ba. A 1881 Alexander Graham Bell, mutumin da ake danganta ƙirƙirar tarho da shi, ya haɗa wata na'ura don lalubo harsashin da ya maƙale a jikin shugaban Amurka James Garfield. Bai same shi ba, shugaban ya rasu. A Yaƙin Duniya na Biyu wani hafsan sojan Poland, Józef Kosacki, ya ƙera wanda sojoji ke ɗauka a hannu suna neman nakiyoyin da aka binne, aka yi aiki da shi a hamadar Masar a 1942. Da yaƙi ya ƙare sai injin ya faɗo hannun farar hula, ya zama abin nishaɗi.

A Ingila da Amurka, tsoho mai fansho ne ke fita da asuba bakin teku yana yawo da shi a kan rairayi, ko ya dace da zobe ko sarƙar da ta zame wa masu wanka. A gaɓar Florida har yanzu ana tsintar tsabar kuɗin jiragen Sifaniya da guguwa ta nutsar a 1715. Ingila ma sai da ta yi doka a 1996 kan yadda mai tsintuwa zai kai rahoto, a kimanta abin, a ba shi lada.

Ruwan gishiri yana rikita injin gama-gari, ya yi ta kuka ba gaira ba dalili. Haka ma ƙasa mai yawan ma'adinin ƙarfe, irin wadda zinariya ke zama cikinta. Irin injin da ke iya jure waɗannan biyun shi ne ya kawo sauyi, kuma kamfanin Minelab na Ostareliya ya yi suna a kansa. Daga Sudan zazzaɓin ya taso, musamman bayan Jabal Amir ta Darfur a 2012, ya ratsa tsaunukan Tibesti na Cadi, ya iso Jado a yankin Kawar, can arewacin Nijar, cikin watan Afrilun 2014. Bayan ƴan watanni sai ga Cibarakaten kusa da iyakar Aljeriya. A 2016 ya kai Muritaniya.

Mutanen Damagaram ba baƙin hanyar arewa ba ne. Tun zamanin Sarki Tanimun ayari ke tashi daga nan zuwa Agadas da Tarabulus, daga baya kuma ƴan cirani suka riƙa bin ta zuwa Libiya. Rikicin 2011 ya ɓata wancan ciranin, sai labarin Jado ya zo a kan gaɓa. Aka riƙa cika motoci ta Tanut zuwa Agadas, daga can Dirku, kowa da jarkarsa a naɗe cikin buhu, da garin rogo, da tabarau saboda ƙura.

Yadda aikin yake shi ne wannan. Mai inji yana gaba, abin ji a kunne, yana lilo da faifan dab da ƙasa, taku ɗaya bayan ɗaya. Yaransa na biye da diga da shebur. Inji ya yi kuka, a tsaya a tona, a ɗebi ƙasa a tafin hannu a goga a fuskar faifan, a raba biyu, a sake gogawa, har abin ya rage tsakanin yatsu. Sau da yawa murfin gwangwani ne ko kwanson harsashi. Idan an dace, kafin a zo kan masu tono an fitar da kason mai inji, da na mai mota, da bashin ruwa da abinci. A ganina wanda ya ci ribar Jado babu fargaba shi ne mai tankar ruwa da dillalin inji. Wasu kam sun dawo sun gina gidaje, ba a musun wannan, amma labarinsu ya fi yawansu.

Injin kuma ba ya jin abin da ya yi nisa. Da aka tsince na sama, sai aiki ya koma haƙar rijiyoyi da niƙa dutse, wanda ya fi kisa. Gwamnati ta rufe Jado a 2017, tana kafa hujja da tsaro da yawan baƙi masu makamai, jama'a suka watsu zuwa Cibarakaten da tsaunukan Ayar. A Nuwamban 2021 ramuka suka rufta a Garin Liman kusa da Ɗan Isa a jihar Maradi, aƙalla mutum 18 suka rasu.

Injunan da suka dawo gida su ne abin dubawa yanzu, kada a juya su kan tonon kufai. Mu dama muna da tsohon zancen tukunyar dukiya da magabata suka binne a kufai, wadda aka ce aljanu ke gadi. Jihar Damagaram kuwa tana da wurare irin Kufan Kanawa, inda masu binciken tarihi suka yi haƙa bisa ƙa'ida. An ga abin da ya sami Bura, wani wurin tarihi a yammacin ƙasa, bayan gano ta a 1975: masu tonon sata sun kwashe kayan yumɓunta suka sayar waje. Nijar tana da dokar kare kayan tarihi tun 1997, amma yawancin kufan nan ba su da shinge, ba su da mai gadi.