Matashi mai ji da ƙarfi, me zai kai shi awon zuciya?

Ba tsofaffi ne ke ciwon zuciya ba?

Na tsofaffi yawanci toshewar jijiyar jini ce. Na matasa daban yake: wani an haife shi da naman zuciya mai kauri fiye da kima, wani kuma tangarɗar tana cikin lantarkin da ke daidaita bugun zuciyar. Mai ita yakan yi shekaru garau, sai rana ɗaya ana tsakiyar gudu bugun ya rikice, ya yanke jiki ya faɗi. Haka ɗan ƙwallon ƙafa Samuel Okwaraji ya faɗi a filin wasa na Surulere a Legas ranar 12 ga Agusta, 1989, yana buga wa Najeriya wasa da Angola, yana ɗan shekara 25. Marc-Vivien Foé na Kamaru shi ma ya rasu a 2003 bayan ya faɗi a fili a birnin Lyon, binciken gawarsa kuma ya nuna kaurin naman zuciya.

Me ake yi a awon?

Likita zai tambayi tarihinka da na danginka, ya saurari ƙirji, ya auna hawan jini. Sai ECG, wato awon lantarkin zuciya: a manna 'yan wayoyi a ƙirji da hannuwa da ƙafafu, minti kaɗan an gama, ba allura ba zafi. In an ga abin dubawa, sai a yi hoton zuciya. Italiya ta wajabta wa 'yan wasan gasa awon ECG tun 1982. Likitocin Amurka kuwa sun fi dogara ga tambayoyi da duba jiki, domin ECG kan nuna ciwo inda babu, musamman ga baƙar fata masu motsa jiki sosai. Shi ya sa ya kamata ƙwararre ya karanta takardar.

Wa ya fi buƙata?

Duk wanda ya taɓa suma yana gudu, ko ƙirjinsa ke ciwo in ya motsa, ko zuciyarsa ke bugawa fat-fat ba dalili. Sai wanda aka taɓa mutuwar fuju'a a gidansu, ta mai ƙarancin shekaru. A nan ne muka fi sakaci: yaro ya suma a filin makaranta, a yayyafa masa ruwa, a ce zafin rana ne ko iska, gobe ya koma ƙwallo. Iyaye, irin wannan sumar ta asibiti ce. Haka ciwon makogwaron yara da ba a yi wa magani ba kan lalata ƙofofin zuciya daga baya, kuma ya yawaita a ƙasashenmu.

In awo ya fito lafiya, shi ke nan?

A'a, ba kowace matsala yake kamawa ba. Ɗan ƙwallo Christian Eriksen na Denmark ya faɗi a fili a 2021 duk da kulawar likitocin ƙungiya. Abin da ya cece shi, da ikon Allah, danna ƙirji ne nan take da na'urar farfaɗo da zuciya. In mutum ya faɗi ba ya numfashi, a kwantar da shi rigingine, a danna tsakiyar ƙirjinsa da ƙarfi sau 100 zuwa 120 a minti, wani kuma ya ruga neman mota.