Waiwaye: Aron Al'ada ko Satarta?

Tun kafin a san intanet ake wannan rigima a kan ɗaukar al'adar wasu a ci moriyarta. A 1939 wani mawaƙi Bazulu, Solomon Linda, ya rera waƙar Mbube a Johannesburg, aka biya shi abin da bai taka kara ya karya ba. Waƙar ta haye teku, Turawa suka sake mata riga, ta jawo kuɗi maƙil, har ta shiga The Lion King, fim ɗin kamfanin Disney, a 1994. Shi kuwa Linda ya rasu a 1962 cikin talauci, kuma sai a 2006 aka sasanta da 'ya'yansa. Kura da shan bugu, gardi da karɓe kuɗi. Irin wannan ne malaman jami'a suka riƙa nazari a shekarun 1980, suna tambayar wa ke da ƙarfi, wa ke cin riba, wa aka manta da sunansa.

Da Twitter da Instagram suka bunƙasa, magana ta fita daga aji ta faɗa hannun kowa, kuma ta yi amfani. A 2012 al'ummar Navajo, ɗaya daga cikin ƙabilun asali na Amurka, ta maka kamfanin sutura na Urban Outfitters a kotu saboda sayar da kaya da sunanta, aka sasanta a 2016. A 2019 tauraruwar talabijin ta Amurka Kim Kardashian ta raɗa wa kamfaninta na tufafin ciki suna Kimono, wato sunan rigar gargajiyar Japan, jama'a suka yi mata ca, magajin garin Kyoto na Japan ya rubuta mata wasiƙa, ta sauya sunan zuwa Skims.

Inda nake ganin an kauce shi ne lokacin da aka bar kamfanoni aka koma farautar ɗaiɗaikun mutane. A 2018 wata 'yar sakandare a jihar Utah ta sa rigar Sinawa zuwa bikin makaranta, aka yi mata rubdugu a Amurka, alhali da yawa a ƙasar Sin cewa suka yi an karrama su. To wa ke magana da yawun al'adar, masu ita na gida ko waɗanda ke zaune a ƙetare? Na ƙetaren ma suna da hujja, don su ne aka yi wa dariya a kan suturar da yau ake yabon wani da ita.

Kitso ya fi fito da wannan ciwo fili. Kitson da ake kira gayu a kan baturiya, shi ne ya sa aka kori baƙaƙen mata daga aiki da makarantu, har sai da jihar California ta kafa doka a 2019 ta haramta nuna wariya saboda gashi.