Maƙoƙo ba kumburin wuya ba ne kawai

An daɗe ana cewa maƙoƙo jifa ne, ko kuma kumburi ne da bai wuce muni a wuya ba. Galibi ƙarancin sinadarin aidin ke kawo shi. Da aidin ƙullutun tayirod na wuya ke haɗa sinadarin da ƙwaƙwalwar ɗan tayi ke ginuwa da shi, kuma a watannin farko na ciki daga uwa kaɗai yake samu. Wannan shi ne abin damuwar. Mai juna biyu na buƙatar maikirogiram 250 na aidin kullum. Rogo mai ɗaci da ba a jiƙa sosai ba, da hayaƙin taba, suna tare wa aidin hanya.

Ku duba ledar gishirinku ko an rubuta akwai aidin. Gwajin jini a asibiti yana nuna lafiyar tayirod. Don Allah ku tura wa 'yan uwa, musamman masu ciki.